Ƙugiya a Tafin Ƙafa

A Póvoa de Varzim, inda teku ke tofa gishiri a tagogi,
babana Baltazar ya dawo daga su wata Laraba,
ya tuɓe takalmin roba a bakin ƙofa,
sai ga jini har idon sawu.
Ƙugiya ce ta shige tafin ƙafarsa tun asuba.
Bai ji ba.
Ya dube ta kamar a ƙafar wani take.
Inna ta ajiye kwandon kifi, ba ta ce uffan ba,
don haka kaka ya fara,
haka gwaggo Ermelinda.
Ciwon 'yan ƙafafu muke ce masa a unguwa,
muna rage masa suna ko zai rage mugunta.

An ce kyan ɗa ya gaji ubansa.
Mai maganar bai san gadon da ke kai mutum gado ba.

Shekara goma sha ɗaya da binne shi
muka nufi Porto, ni da autanmu Tomé.
Likita ta ga kantar hannuna, ta gane taru nake gyarawa,
sai ta yi mini magana da yaren zare.
Cikin ƙwayoyin jikinki, in ji ta,
zare arba'in da shida ne kwance, kuromosom sunansu,
an jera su biyu-biyu,
ɗaya na uwa, ɗaya na uba,
ɗauke da saƙon yadda za a gina ki,
launin ido, tsawon yatsa, har lotsawar kumatu.
A na goma sha takwas harafi ya kauce a zuriyarku.
Guda tak.
Hanta ta karanta kuskuren, ta dinga ƙera
abin da ke taruwa a jijiya
kamar yashi a gindin kwale-kwale.
Mahaifinku biyu gare shi, lafiyayye da mai tabo,
kowane ɗa ya ɗauki ɗaya ido rufe.
Ba zunubi ba ne, ba bakin wani ba.
Rabi da rabi ne,
kowace haihuwa da tata ƙuri'a.

Kwalba biyu na jini. Mako shida na jira.
Cikin dare nakan tsikari yatsun ƙafata da allura,
in na ji zafi in yi godiya.

Takarda biyu aka miƙo.
Tawa wankakkiya.
Tomé ya ninke tasa gida huɗu, ya cusa a aljihu,
ya ce yunwa yake ji.

A garinmu kowane gidan masunta da shaidarsa,
ana sassaƙa ta a jikin jirgi da ƙyaure.
Yayye kan ƙara tsaga a tasu,
auta ke ɗaukar ta uba yadda take.
"Kin gani," in ji shi, bakinsa cike da burodi,
"al'ada ba ta ɓata lissafi."
Na so in mare shi.
Na so in yaga takardata in ba shi rabi.
Ina zan shanya wannan sa'a
mai nauyi kamar jiƙaƙƙen taru?

Likita ta ce zamani ya juya,
akwai maganin da ke taka wa ciwon burki,
wanda babanmu bai riska ba.
Noémia na da cikin wata biyar.
Sun ce in yarinyar ta girma
ita za ta zaɓa, ta sani ko kada ta sani.

Yanzu kullum kafin jirgi ya tashi
sai ya tuɓe takalmi,
ya tsaya inda igiyar ruwa ke karyewa.
Ruwan Janairu, kaifi kamar aska.
Ina kallo daga inda nake ɗinki.
Ya juyo, fuska a yamutse,
ya kwaɗa mini kira ta saman kukan tsuntsaye:
"Graciete! Da sanyi!"

Sai in sunkuyar da kai,
in ja zaren,
in ƙara ƙulli ɗaya.